Yadda Ake Naɗar Sautin Kogo Domin Zurfafa Tafakkuri

Wanda bai taɓa zama cikin kogo ya kashe tocila ba yakan ɗauka wurin shiru ne tsit. Amma bayan 'yan mintoci kunne yakan buɗe, sai ka fara jin ɗigon ruwa can nesa, ga wani kusa da kai mai amo dabam, ga iska tana ja a hankali ta wata kafa da ba ka gani. Wannan ɗan sautin da ke yawo cikin shiru shi ake naɗa, a gyara, a saurara lokacin da ake son tattara hankali wuri guda. Aikin ba shi da wuya, haƙuri yake so. Abin da ya fi lalata shi kuwa shi ne son cikawa: mai koyo ya ga shiru ya yi yawa, sai ya yi ta zuba kiɗa da ƙararrawa har kogon ya ɓace. Duk abin da zan faɗa a kan wannan ya ginu, domin shirun shi ne abin da ka je ɗaukowa.

Kayan aiki

Rikoda ta hannu mai naɗa a tsarin WAV (fayil ɗin sauti da ba a matse shi ba), irin ta kamfanin Zoom ko Tascam. Abin da za ka fi dubawa shi ne ƙarar da na'urar kanta take yi. Kowace rikoda tana da wani ɗan "shuuu" nata, wanda ba a jinsa a wurin hayaniya, amma cikin kogo yakan fito fili ya rufe komai. Idan ka samu mai naɗa a 32-bit float (tsarin da ke ɗaukar ƙaramin sauti da babba ba tare da ya lalace ba), kamar Zoom F3, ta rage maka wahalar saita ƙarfi, sai dai ita ba ta da makirifo a jikinta.

Makirifo biyu masu jin sauti daga kowane ɓangare. Su suka fi dacewa, saboda amon kogo ta ko'ina yake zuwa. A haɗa da soson rufe su ko mai gashi, da maƙali mai ƙafa uku, da kebul mai tsawon mita 5 zuwa 10.

Hedifon mai rufe kunne ruf, da batir na ƙari, da katin memori wanda ba a cika ba. Sai leda mai zif da ƙullin silika masu shan laima, irin waɗanda ake tararwa cikin kwalin sababbin kaya. Sai balan-balan guda biyar ko shida da allura, domin aikin mataki na 6.

Na jikinka kuma: hular kwano, fitilu uku masu zaman kansu (ɗaya a goshi, biyu a jaka), takalmi mai riƙe ƙasa, takunkumin N95, ruwan sha, da rigar ulu. Kada ka sa rigar ruwa ko wani yadi mai kama da leda, ko numfashi ka ja sai makirifo ya ji ƙararsa.

A kwamfuta, manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa yanka da haɗi. Idan za ka yi aiki da amsa-kuwwar kogo kamar yadda zan bayyana a mataki na 6, manhajar Reaper ta fi, domin tana ɗauke da ReaVerb, wani ɓangare da ke ɗora wa sauti amon wuri.

In ba ka da rikoda, wayar salula za ta yi, da sharaɗi. Ka sa mata makirifo na waje, ka nemi manhaja mai naɗa WAV wadda ke barin ka kashe gyaran ƙarfi na kai-tsaye da mai rage hayaniya, sannan ka sa wayar a yanayin jirgi. Manhajar naɗar murya da ke zuwa da waya an yi ta ne don magana, ɗigon ruwa a wurinta datti ne, share shi za ta yi.

1. Ka fara sanin abin da kake nema

Zaman kogo domin neman natsuwa tsohon abu ne, kuma sanin asalinsa zai gyara maka kunne kafin ka taɓa na'ura. Hadisin Nana A'isha ya nuna cewa kafin saukar wahayi an sanya wa Manzon Allah (SAW) son kaɗaita, yakan tafi Kogon Hira da guzurinsa ya yi darare yana ibada, ya dawo wurin Nana Khadija ya sake guzuri. A can wahayi ya fara sauka, wajen shekara ta 610 Miladiyya. Duk wanda ya hau Jabalun Nur ya san kogon ɗan ƙarami ne, mutum biyu ko uku sun cika shi, ba shi da wani dogon amo. Abin da ke wurin shi ne nisa daga mutane. Samarin da Suratul Kahfi ta ba da labarinsu ma kogo suka fake da imaninsu. Daga baya sufaye suka tsara halwa, wadda ake kai ta har kwana 40 ƙarƙashin kulawar shehi, a ɗaki mai duhu ko a kogo.

Sauran al'ummu ma haka. Waliyi Benedict na mabiya addinin Kirista ya yi shekara 3 a wani kogo a Subiaco ta ƙasar Italiya wajen shekara ta 500. A Indiya, mabiya Buddha sun fara sassaƙa kogunan Ajanta tun ƙarni na 2 kafin Miladiyya, ɗakunan kwana da na ibada duk cikin dutse. Kogunan Barabar na jihar Bihar sun girme su, tun zamanin Sarki Ashoka, kuma an goge bangonsu sumul har murya takan daɗe tana kewayawa a ciki. A ƙasar Sin, an fara haƙa kogunan Mogao kusa da Dunhuang a shekara ta 366.

Akwai kuma alamar cewa mutanen da suka riga waɗannan duka sun kula da amon wuri. A shekarun 1980 wani mai binciken sauti, Iegor Reznikoff, ya bi kogunan Faransa masu zanen zamanin dutse, irin su Niaux da Le Portel, yana rera murya cikin duhu, ya lura cewa zane ya fi taruwa a wuraren da amo ya fi ƙarfi. A tsibirin Malta kuma akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na Hal Saflieni da aka gano a 1902, inda wani ɗaki ke amsa muryar namiji mai kauri da ƙarfin gaske, a wajen 110 Hz (Hz ma'aunin kauri ko kaifin sauti ne, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri). Daga nan ne masu talla a intanet suka ɗauko zancen cewa wannan amon yana warkar da cuta ko yana buɗe wata ƙofa a ƙwaƙwalwa. Kada ka gina aikinka a kan wannan. Amon ɗakin gaskiya ne, an auna shi, amma maganar waraka ba ta da hujjar da za a dogara da ita. Abin da ya haɗa Hira da Subiaco da Ajanta a fili yake: an rage abin gani, an rage abin ji, zuciya ta samu sarari. Shi za ka yi ƙoƙarin kawo wa mai saurare.

2. Zaɓen kogo da tsare rai

Kogon dutsen farar ƙasa shi ne ya fi ba da ɗigon ruwa, domin ruwa ne ya narka dutsen ya haƙa shi tun farko. Busasshen kogo yana da nasa kyau, amma kusan iska kaɗai za ka samu. Ka guji mai kogi a ciki ko mai gangaren ruwa, domin rugugin yakan cika wurin ya zama kamar rediyon da ya rasa tasha. Ka guji na kusa da babbar hanya, ƙarar manyan motoci tana bin dutse ta shigo ta ƙasa. Kogunan yawon buɗe ido suna da sauƙin shiga da tsaro, sai dai akwai famfo da fanka da fitilu masu gunji. Ka roƙi masu kula da wurin su ba ka lokaci kafin buɗewa ko bayan rufewa, kuma su kashe abin da zai kasu.

Ka nemi izini daga mai wurin ko hukumar da ke kula da shi. Idan wurin ibada ne ga wasu mutane, ka tambaye su, in sun ce a'a ka haƙura.

Kada ka shiga kai kaɗai. Ku zama aƙalla uku, da wanda ya san kogon, kuma a bar wani a waje da ya san lokacin fitowarku da wanda zai kira in kun wuce lokaci. Ka duba hasashen ruwan sama na yankin baki ɗaya, domin ruwan da ya sauka nesa yana iya cika kogo cikin ɗan lokaci. Haka ya faru a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan a watan Yunin 2018, inda ruwa ya datse yara 12 da kocinsu fiye da mako biyu.

Sai batun jemagu. Kashinsu idan ya bushe yana iya ɗauke da ƙwayar cutar huhu da ake kira histoplasmosis, shi ya sa takunkumi ya zama dole. Wasu jemagu masu cin 'ya'yan itace kuma suna ɗauke da ƙwayar Marburg, mai haddasa zazzaɓi mai kisa, an samu masu yawon buɗe ido da suka kamu bayan shiga wani kogo a dajin Maramagambo na Uganda a 2008. Kogon da jemagu suka yi sansani, ka bar musu abinsu. Ko ba don cuta ba, kukansu zai cika maka naɗin, kai kuma ka tayar musu da hankali.

Gurɓatacciyar iska takan taru a wurare masu zurfi. In ka ji ciwon kai, ko numfashinka ya yi sauri ba tare da ka yi aiki ba, ku juya nan take, ba a jira a ƙarasa naɗi.

3. Ka bar kaya su saba, kai kuma ka saurara

Zafin cikin kogo kusan ɗaya ne duk shekara, laimarsa kuma takan kusa kaiwa 100 bisa 100. Idan na'ura mai sanyi ta haɗu da iska mai ɗumi da laima, raɓa za ta kwanta mata ciki da waje, makirifo ya fara ƙas-ƙas. Don haka ka shiga da kaya cikin leda a rufe, ka ajiye minti 20 zuwa 30 kafin ka buɗe.

Wannan lokacin ba asara ba ne, shi ne ma mafi amfani. Ku zauna, ku kashe fitilu, kowa ya yi shiru. Da farko ba abin da za ka ji sai bugun zuciyarka da wani ɗan zuuu a kunne. Sannu a hankali ɗigo zai fara rarrabuwa. Wanda ke faɗawa cikin kududdufi yana da amo mai zagaye, ƙarshensa yana ɗan ɗagawa sama. Wanda ke faɗawa kan dutse tas yake, gajere. Wanda ke faɗawa kan laka kusan ba shi da murya, ɗan dum kawai. Ka lura da tazarar kowanne. Abin da kake nema shi ne wurin da ɗigo uku ko huɗu suke, kowanne da nasa lokaci, ba sa haɗuwa a kan tsari ɗaya. Ɗigo guda mai faɗowa daidai-daidai yakan zama azaba bayan minti goma, hankali ya koma ƙirga shi. Ɗigo barkatai kuma ruwan sama ne kawai, ba sai ka zo kogo ba.

Sannan ka tafa hannu sau ɗaya ka ji abin da zai dawo. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kunne kuma yana raba amsa-kuwwa da asalinta idan bango ya kai nisan kamar mita 17. In ka ji tafin ya dawo a rarrabe, fat, fat, wurin bai dace ba, zai riƙa fizgar hankali. In ka ji ya bar wutsiya mai laushi tana narkewa cikin daƙiƙa 3 zuwa 6, nan ne wurinka.

4. Kafa makirifo

Ka kafa maƙalin a ƙasa mai ƙarfi, tsayinsa daidai kan mutumin da ke zaune, domin a zaune za a saurara. Tsakanin makirifo biyu ka bar santimita 40 zuwa 60. Idan da hedifon kaɗai za a ji, ka matso da su kamar faɗin kai, santimita 17 zuwa 20, ka sa wani abu mai laushi a tsakani. Ka nisanci bango da aƙalla mita ɗaya, kusa da bango amo mai kauri yakan taru ya dagula sauti.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kai makirifo bakin ɗigo. Za ka samu ruwa tar, amma babu kogo a ciki. Ka ja baya mita 2 ko 3, inda ƙarfin ɗigon da na amonsa suka kusa zama ɗaya. Sannan ka haska rufin da ke saman makirifon da kyau. Ɗigo ɗaya in ya faɗo kan soso, a hedifon kamar harbi zai fito, kuma ya jiƙa maka na'ura. Kada ka rataya komai a jikin tsinin dutsen da ke saukowa daga rufi, kada ma ka taɓa shi. Irinsa yakan ɗauki shekaru ɗaruruwa kafin ya ƙara 'yan santimitoci, maiƙon hannu kuma yana ɓata shi.

Saitin da za ka zaɓa a rikoda: WAV, 48 kHz, 24-bit. Ka ɗaga ƙarfi har ɗigo mafi ƙara ya tsaya wajen -12 dB a allon rikodar (dB, wato desibel, ma'aunin ƙarfin sauti ne). Ka kashe gyaran ƙarfi na kai-tsaye. In ka bar shi, duk lokacin da aka yi shiru zai ɗago ƙarar na'ura, ɗigo ya faɗo ya danne ta, naɗin ya riƙa kumbura yana sacewa.

5. Ka danna, ka ba da wuri

Ka faɗi rana da wuri da yadda ka jera makirifo a farkon naɗin, sannan ku ja da baya iyakar tsawon kebul, ko ku bar rikodar a can ku koma wani lungu inda kuna iya hango ta. Jikin mutum ba ya shiru. Haɗiyar yawu, kukan ciki, ƙarar gwiwa, duk makirifo yana ɗauka. Ku ci abinci kafin shiga, ku zauna kan abu mai laushi, ku yi alkawarin ba magana.

Ka naɗa minti 45 ko fiye a wuri guda ba yankewa. Minti biyar na farko na zubarwa ne, lokacin ana gyara zama. Gara naɗi biyu masu tsawo da guda goma gajeru, domin kowane wuri yana da nasa launin shiru, in ka haɗa gutsattsari daga wurare dabam-dabam kunne zai ji ɗinkin. In lokaci ya rage, ka ƙara naɗi ɗaya kusa da bakin kogo inda iska ke shiga, da soso mai gashi a kan makirifo.

6. Ɗauko amon kogon kansa

Wannan mataki ba dole ba ne, amma yana da daɗi. Ka rage ƙarfin rikoda sosai, wani ya tsaya mita 5 zuwa 10 daga makirifo ya fasa balan-balan da allura, kowa ya daskare har amon ya mutu gaba ɗaya. A maimaita daga wurare uku ko huɗu. Wannan fashewar da wutsiyarta ita ce hoton yadda kogon ke amsa sauti. In ka loda ta cikin ReaVerb, duk sautin da ka bi da shi ta ciki zai fito kamar a kogon aka yi shi. Ku tsince ɓarɓashin robar tas. Kada a yi wannan inda akwai jemagu, ko kogo mai tsohon zane, ko wurin ibada.

Kana iya gwada abin da Reznikoff ya yi. Ka rufe baki ka yi gunji a hankali daga murya mai kauri kana hawa sama. A wani mataki za ka ji wurin ya karɓa, sautin ya ƙaru ba tare da ka ƙara ƙarfi ba, har ka ji shi a ƙirji. Ka naɗi wannan na minti biyu ko uku, daban.

Wajen fita ka mayar da kaya cikin leda tun kuna ciki, kada ka buɗe sai sun saba da zafin waje. A gida ka bar su kwana ɗaya da silika, ka wanke takalmi da tufafi kafin ka shiga wani kogon, domin ana ɗaukar ƙwayoyin cutar jemagu daga kogo zuwa kogo a jikin kaya.

7. Gyara a kwamfuta

Ka kwafi asalin fayil ka ajiye wuri biyu, a kan kwafi za ka yi aiki. Sai ka saurari naɗin daga farko har ƙarshe da hedifon, kana sa alama duk inda aka yi tari ko motsi ko jirgi ya wuce. Babu gajeriyar hanya a nan. Kallon zanen sauti a allo ba ya nuna ɗan ƙaramin motsin da zai firgita mutumin da ya nutsa.

Ka yanke wuraren da ka yi wa alama, ka ɗora bakin yanki kan bakin yanki ta yadda ɗaya yana dusashewa ɗaya yana tasowa cikin daƙiƙa 5 zuwa 10. Kada yanka ya faɗa kan wutsiyar ɗigo, ka jira ta ƙare. Ka sare duk abin da ke ƙasa da 30 ko 40 Hz, rugugi ne da ba a ji sai dai ya gajiyar da kunne. In "shuuu" na na'ura ya dame ka, ka ɗan sassauta abin da ke sama da 10 kHz.

Game da mai rage hayaniya, ka yi hattara ƙwarai. In ka matsa masa, ɗigon ruwa zai koma kamar ƙarfe, shirun kuma ya zama mataccen shiru irin na na'ura, wanda ba ya kama da na kogo ko kaɗan. Kada ka wuce 6 dB. Ɗan "shuuu" mai tafiya daidai kunne yakan manta da shi cikin minti ɗaya, amma sautin da aka ƙwaƙule ba ya mantuwa. Ɗigon da ya fi sauran ƙara, ka bi shi da hannu ka rage shi shi kaɗai. Kada ka matse naɗin duka don ya yi ƙara, bambancin na kusa da na nesa shi ke ba da faɗin wuri.

In kana son awa ɗaya amma minti 30 ka samu masu kyau, ka maimaita, da haɗi mai tsawon daƙiƙa 20 zuwa 30. Abin da ba a yi shi ne maimaita gutsuren minti biyu ko uku. Ƙwaƙwalwa tana da saurin gane tsari, da ta gane sai ta koma jiran ɗigon da ta sani, tafakkuri ya tashi. Ka cire duk wani sauti na musamman da zai tona maimaicin.

Farko ya taso a hankali cikin rabin minti, ƙarshe ya dusashe cikin minti biyu. Ka fitar a WAV ko FLAC. In dole sai MP3, ka sa 320 kbps, ƙasa da haka yana cinye wutsiyar amo.

Saura tambayar ƙari: a sa wani abu ko a bari? Ni a ganina a bari. In kuwa sai ka sa, gunjin muryar nan da ka naɗa ya isa, a can ƙasa sosai, ta yadda sai an cire shi za a gane da yana nan. Naɗin da ba kiɗa a ciki yana kuma da wata fa'ida, kowa zai iya amfani da shi, har wanda addininsa ko ɗabi'arsa ba ta son kayan kiɗa a lokacin natsuwa.

8. In babu kogo a kusa

Ana iya ginawa a ɗaki. Da tsakar dare, ka kashe firji da fanka, ka rataya jiƙaƙƙen tsumma yana ɗiga cikin kwano mai ruwa. Ka naɗa, ka sauya tsayin tsumman da zurfin ruwan, ka sake, sannan ka sa dutse a madadin ruwa. Ka samu ɗigo iri huɗu ko biyar, ka jera su a layuka dabam-dabam, wani hagu wani dama, tazararsu ba daidai ba. Na nesa ka rage masa ƙarfi da kaifi. Sai ka bi da su duka ta cikin amon kogo. Taskar OpenAIR ta Jami'ar York a Ingila tana da amon wurare na gaske da aka auna, taskar intanet ta Freesound kuma tana da naɗe-naɗen kogo, amma ka karanta lasisin kowane fayil kafin ka yi amfani da shi. A ƙarƙashin komai ka shimfiɗa siririn sautin iska, in ba haka ba tsakanin ɗigo da ɗigo zai zama rami.

Kada neman amo ya kai ka cikin rijiya ko tankin ƙarƙashin ƙasa, iskar irin waɗannan wurare tana kisa ba gargaɗi. Matakalar bene ta kankare da dare tana ba da dogon amo ba tare da haɗari ba. In za ka raba wa mutane abin da ka gina a ɗaki, ka faɗa musu ginawa ka yi. In kuma na kogon gaske ne wanda ba a san shi ba, kada ka bayyana inda yake, tururuwar mutane tana lalata irin waɗannan wurare.

9. Zaman saurare

Ka rage haske, ka zauna bayanka a miƙe ba tare da ƙagewa ba. Ƙarfin sauti ya zama ƙasa har kana jin numfashinka ta cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar saurare ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako, wannan aikin kuwa bai kamata ya kusanci haka ba. Ka fara da minti 10, ka riƙa ƙarawa har 30 ko 40.

Ka sassauta numfashi zuwa kamar sau shida a minti, fitarwa ta ɗan fi shaƙa tsawo. Sai ka zaɓi ɗigo ɗaya, ka bi wutsiyarsa har inda ta ɓace, ka tsaya a wannan tazarar kafin na gaba ya zo. Hankali zai gudu, ya tafi kan bashi, da aiki, da maganar da aka faɗa maka jiya. In ka farga, ɗigo na gaba ne wurin dawowa, ba sai ka yi faɗa da kanka ba. Mai zikiri ko addu'a ko tunani a kan wata aya yana iya barin sautin ya kwantar da shi na 'yan mintoci, sannan ya shiga abin da ya zauna dominsa. Naɗin share fage ne kawai, ba ya zama ibada, ba ya kuma maye gurbin likita ga mai fama da damuwa ko rashin barci mai tsanani.

Wasu mutane sautin kogo yakan tayar musu da jin ƙunci, kamar an rufe su. In haka ta faru, a buɗe ido, a cire hedifon a koma lasifika, ko a yi amfani da naɗin bakin kogo mai iska. In bai lafa ba a daina. Ba a kuma saurarensa ana tuƙi.

A zamanka na farko da na biyu ka ajiye takarda kusa. Duk inda wani sauti ya fizge ka, ka duba minti nawa ne ka rubuta. Ka ba mutum biyu ko uku su ma su gwada, su rubuta nasu ba tare da sun ga naka ba. Inda lissafinku ya haɗu a minti ɗaya, matsalar tana cikin naɗin, sai ka koma mataki na 7 ka rage wannan ɗigon ko ka yanke wurin.